Fangalin Farar Saiwa

Ku da kuke tsayawa a bakin shingena da yamma kuna cewa noman karas aikin tsofaffi ne, wai a watsa iri, a zuba ruwa, a koma gindin mangwaro a kishingiɗa, ku matso ku zauna. Karas ɗin da kuke gani shi ne mafi sauƙin abin da na noma a wannan lambu. Akwai wata saiwa da na yi wa bauta shekaru masu yawa a nan Wara, wadda babu ko ɗaya cikinku da ya taɓa ganinta, kuma a kanta na koyi duk abin da na sani.

Sunana Sani. An haife ni a wani gungu da yanzu yake ƙarƙashin tafki. Ubana albasa yake nomawa a kan laka mai laushi da kogi yake kawo mana kowace shekara. Da aka tare ruwa aka tashe mu, aka kawo mu nan, sai muka tarar da ƙasa mai tsakuwa wadda hauya take ƙara a kanta. Tsarana da yawa suka koma su, wato kamun kifi, wasu suka tafi Yelwa. Ni kuwa na laƙe wa wani tsoho da ke ƙarshen gari, ta wajen gangaren ruwa, mai suna Baba Yohanna. Bakambare ne, Kirista, ya yi wa Turawan da suka gina madatsar ruwa aikin kuku. Da suka tafi suka bar masa tukwane da wuƙaƙe da irin kayan lambu. Yawancin irin ya ƙare a hannunsa, ban da guda ɗaya da ya riƙe. Sunanta na Turanci ya sha faɗa mini, harshena bai taɓa kama shi ba. Farar saiwa muke ce mata. Doguwa ce siririya kamar karas, sai dai fara, ganyenta kamar na tafarnuwa, in an dafa ta kuma tana da wani ɗanɗano da ke tuna wa mutum romon kifi.

Aikina na farko a wurinsa haƙa fangali ne. Ya miƙo mini dagi da shebur da wata babbar rariya ta waya, ya zana mini wuri da ƙafarsa, ya ce in haƙa har ramin ya wuce gwiwata, duk ƙasar da na fitar kuma in tace ta. Na yi kwanaki ina yi. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Da na mayar da ƙasar na gauraya ta da yashin bakin tafki, na je na kira shi ina jin kaina. Ya zo ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin fangalin har gwiwar hannu yana lalube. Can sai ya zaro wani ɗan dutse da bai fi ƙwarar gujiya ba.

"Wanga fa, Sani?"

Na ce, "Baba, ai ɗan dutse guda ne."

"Saiwa ba ta da ido," in ji shi. "In ta taras da shi rabuwa za ta yi biyu, ka tono abu kamar ƙahwar kaza. Wa zai saya? Sake."

Na sake. Matarsa, Inna Rahila, ta aiko mini da kunun tsamiya a kwano. Tun daga ranar har tsufansu, in ina lambun, kwanon nan yana zuwa.

Dagin da nake magana yana nan a jingine a bayan ɗakina. Wani maƙeri a Ngaski ya ƙera shi da ƙarfen sifirin mota, bakinsa siriri, dogo, don ya shiga ƙasa a tsaye ba ya ture saiwa. Na canza masa ƙota ban san iyaka ba, amma ƙarfen shi ne dai. Bayan shi akwai ƙaramar hauya ta cire ciyawa, da garwa biyu da ake ratayawa a sanda a saɓa a kafaɗa, da ƙwarya da aka huhhuda da ƙusa. Ba a kwara wa fangalin saiwa ruwa daga bakin garwa. Ta cikin ƙwaryar nan ake yayyafa shi, a hankali, don kada iri ya taru wuri guda. Kuma ba ruwan sama-sama ba, wanda zai jiƙa fuskar ƙasa kawai. In ka saba mata da haka, saiwa ba za ta nutsa neman ruwa ba, za ta tsaya gajera ta fitar da gashi. Sai ka shayar da ita ta ƙoshi, ka bar ta ta ɗan ji ƙishi, sannan ka dawo. Daga bakin tafki zuwa lambun hawa ne, kuma kafaɗata ta dama har yau ta fi ta hagu sauka.

Taki ma da nasa sharaɗin. Wata shekara wani Bafulatani da ya sauka kusa da mu ya ba Baba kashin shanu ɗanye, jaki ya kawo har ƙofa. Ni na zaci fangali za mu kai. Baba ya sa na tara shi a gefe, na rufe da ciyawa, muka bar shi har shekara ta zagayo, sai da ya yi baƙi ya daina wari yana marmashewa a hannu. Ɗanyen taki ganye yake ciyarwa. Za ka ga lambu ya yi shar kamar gonar shinkafa, kowa ya wuce yana yaba ka, ranar tono ka sami saiwoyi a murɗe masu rassa. Toka kuwa muna barbaɗawa a gefen fangali saboda gara.

Abin da ya fi ba sabon shiga wuya shi ne ragi. Farar saiwa ba a dasa ta. Inda ta tsiro nan za ta girma, in ka cire ka mayar ta lalace. Saboda haka ana shuka ta da ɗan yawa, in ta fito ta yi tsawon yatsa sai a bi layi ana tuge na tsakani, a bar tazarar faɗin tafin hannu. Lafiyayyun tsiro kake tugewa kana zubarwa, waɗanda ka ɗauko wa ruwa a kafaɗa. Hannuna ya riƙa tsallake wasu. Baba yana biye da ni a baya yana cire abin da na bari, ba faɗa.

Ranar tono ba a jan ganye. Wanda ya ja farar saiwa kamar yadda ake jan karas, rabinta zai bari a ƙasa, rabin da ya fito kuma ya yi ta zubar da wani farin ruwa kamar nono, mai danƙo, wanda yake baƙanta yatsu har kwanaki. Saiwar da ta zubar da ruwan nan ta rasa daɗinta. Rami ake haƙawa a gefen layi, mai zurfi, sannan a sa dagi ta ɗaya gefen a tura ƙasar a hankali ta faɗo cikin ramin, saiwar ta biyo ta kwance. A kwantar da ita a kwando a kan ɗanyen ganye, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Wurin girki kuma ana feraye ta ana jefawa cikin ruwan lemun tsami, in ba haka ba kafin ka gama ta yi baƙi.

Masu saye ba su taɓa yawa ba. Ranar kasuwar Yelwa nakan shiga jirgi mai inji da kwanduna, karas da rizga da dankali a ƙasa, farar saiwa a sama cikin nata ƙunshin. Karas da rizga kan ƙare kafin azahar. Wata Hajiya mai tuwo da nake zama kusa da rumfarta ba ta taɓa barin tsokanata ba.

"Sani, wanga karas naka ba shi da lahiya, dubi yadda ya yi hwari. Ka kai shi asibiti."

Asibitin kuwa nake kai shi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Ladi, da take saya wa mahaifinta tsoho wanda haƙoransa suka zube, ta ce in ta dafa masa ya yi laushi shi kaɗai yake iya ci ya nemi ƙari. Akwai wasu malaman sakandare Indiyawa da matansu suke jujjuya ta suna shinshinawa kafin su zaɓa. Akwai wani injiniyan ruwa da ya yi karatu a waje, da ya gan ta a kwandona sai da ya tsaya ya riƙe baki. Su ke nan. Baba ya san ba za ta ciyar da gida ba. Karas da dankali ne suke ciyar da mu, ita kuwa fangali biyu take ci na mafi kyawun wuri.

Iri shi ne igiyar da ta ɗaure mu. Irin karas in ya ƙare kana iya samu a kasuwa. Na farar saiwa babu mai sayar da shi, daga nan har Sakkwato, kuma ba ya ajiyuwa. In ya shekara ya wuce, ya mutu a cikin ƙulli. Dole kowace shekara a bar waɗansu saiwoyi mafi kyau a ƙasa, a kafa musu rumfar zana su tsallake zafin bazara, a yi ta lallaɓa su har su yi kara su yi fure. Furen shuɗi ne mai ɗan ja, yana buɗewa da hantsi, kafin rana ta take ya rufe. In ya bushe sai ya buɗe ya zama wani farin gammo kamar audugar rimi, iska kaɗan ta kwashe shi. Don haka lokacin iri ba a zuwa ko'ina. Baba ya ƙi zuwa bikin ɗan ƙanensa a Shanga saboda wannan, aka yi ta yi masa surutu.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ni na ci gaba da lambun, ina zuwa ina ba shi labari a bakin gado. Wata safiya ya sa Inna Rahila ta ciro ƙullin tsumma daga cikin tukunyar da ke rataye, ya ɗora mini a hannu.

"Irin bana ne. Kar ka bari ya kwana biyu."

Na ce, "To, Baba."

Bai sake tashi daga gadon nan ba. Bayan rasuwarsa ɗansu ya zo ya tafi da Inna Rahila Shanga, aka sayar da gidan. Na dawo da aikin bayan gidana, nan inda kuke zaune, na haƙa sababbin fangaloli a can ƙasa kusa da ruwa don in rage wa kaina hawa.

Shekarun da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu Kebbi, gari ya yi ta murna, ni ma na yi. Amma sabuwar jiha tana neman ma'aikata a Birnin Kebbi, sai aka fara kwashe na Yelwa. Injiniyan ruwa ya tafi. Indiyawa dama sun riga sun koma ƙasarsu. Wata ranar kasuwa na je asibiti da ƙunshin Sista Ladi, mai gadi ya ce an yi mata canjin wurin aiki, mahaifin nata kuma ya rasu tun kafin tafiyar. Na tsaya da ƙunshin a hannu, sannan na koma bakin jirgi da shi. A gida kuma matata Hadiza ta rasu a damina, 'ya'yana maza biyu suka sami babura suka tafi kabu-kabu a Yelwa. Babban ya ce mini, "Baba, ka bar wahalar ga, mu za mu riƙa aiko maka." Suna aikowa kuwa, ban ce ba sa yi ba. Na ci gaba da shuka fangali biyun. Ina tonowa, in ci wadda zan iya, in ba maƙwabta su karɓa don kunya, washegari in ga awakinsu na wasa da ita.

Sai mummunar shekarar ta zo. Kun san tafkin nan yana da cika biyu. Akwai ta damina mai jan ruwa, akwai kuma baƙin ruwa da yake zuwa daga nesa lokacin sanyi, shiru, ba hadari ba ruwan sama. A shekarar baƙin ruwa ya zo da ƙarfi, ya tarar da tafki a cike. Kowace safiya in na sauka ɗiban ruwa sai in ga tafiyar ta ragu. Har na ji daɗi, na ce kafaɗata ta huta. Ruwan bai taɓa hawa kan fangalolin ba, ya tsaya nesa da shinge. Ganye kuma kore shar, ya fi na kowace shekara kyau. Ta ƙarƙashi ruwan ya biyo. Ramin da na haƙa mai zurfi na cika da ƙasa mai laushi, shi ya zame masa wurin kwanciya.

Ranar da na ga bakin ganye ya fara rawaya, na ɗauko dagi na buɗe gefen layin farko. Kafin in ga komai wari ya buge ni. Na sa hannu, saiwar ta narke a yatsuna kamar dafaffen rogon da ya kwana. Na buɗe na biyu, haka. Na bi layi-layi har la'asar, ni kaɗai, ina tonowa ina jefawa bayan shinge. Karas ma ya tafi, dankali ya tafi. Waɗannan ban damu da su sosai ba, ana samun irinsu. A can kusurwar sama, inda ƙasa ta ɗan yi tudu, na sami 'yan saiwoyi da suka ruɓe daga ƙasa amma kansu da rai.

Na san ba a dasa ta. Amma in na bar su a nan ruwa zai gama da su. Akwai wani tsohon kwalekwale da ya fashe a bakin gaɓa, mai shi ya yar. Na roƙi masunta suka taya ni jawo shi har tsakar gidana, suna dariya suna tambaya ko a tudu zan yi su. Na cika shi da yashi da tsohon taki, na yanke ruɓaɓɓen wurin kowace saiwa, na shafa toka, na dasa su a ciki, na kafa rumfa. Ɗaya bayan ɗaya suka bushe. Guda ta rage. Ta yi wata tana tsaye ba ta gaba ba ta baya, sannan ta fitar da sabon ganye, da bazara kuma ta yi kara siriri ta yi fure. A lokacin ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure ta toshe mashigar jirage, ba mai zuwa Yelwa sai ta mota, ni ma ba ni da abin kaiwa. Na zauna da ita. Da gammon ya fara buɗewa na ɗaura masa yankin tsohon gidan sauro, na tattara irin. Bai cika tafin hannu ba, kuma da na murza shi na ji ba shi da nauyi.

Da sanyi ya shigo na haƙa sabon fangali a nan sama, nesa da ruwa. Ban taɓa haƙa mai kyansa ba. Na zurfafa shi fiye da yadda aka koya mini, na tace ƙasar sau biyu, na shuka irin ƙwara-ƙwara da yatsa. Na koma hawa da garwa. Farar saiwa dama tana da nawar fitowa, don haka da mako biyu suka wuce ban damu ba. Na uku ya wuce. Maƙwabciyata, Inna Tani, takan leƙo ta kan shinge ta ga ina yayyafa wa ƙasa tsirara ruwa.

"Malam Sani, mi ka shuka nan?"

"Yana tahe, Inna."

Ciyawa ta fito, na cire. Wata ya cika ya wuce. Sai na sa yatsa na tono inda na san na sa ƙwara. Na same ta, ɓawo ne kawai, cikinsa babu komai. Na tono ta kusa da ita, haka. Na wanke hannuna, na juye sauran ruwan garwar a gindin mangwaro.

Na ga ya kamata Inna Rahila ta ji daga bakina. Na shiga mota zuwa Shanga. Na same ta a zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo, amma da na yi sallama ta gane muryata.

"Sani ne? Lahiya dai?"

Na durƙusa na gaishe ta, na gaishe da mutanen gida. Sannan na ce, "Inna, farar saiwar Baba ta ƙare. Ruwa ya ci ta, irin da na tsirar kuma bai fito ba. Babu sauran ko ƙwara."

Ta riƙa murza bakin zanenta. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "Kai kaɗai kake ta yi, duk shekarun ga?"

Na ce, "Ni kaɗai."

"Wa ke saye?"

"Babu kowa, Inna. An daɗe."

Ta girgiza kai. "Shi ma ya so ya bari, Sani. Kowace shekara sai ya ce mini abin ga ba na ƙasarmu ba ne, wahala ce kawai, bana ce ta ƙarshe. In lokacin iri ya zo kuma sai in gan shi zaune gindinta. Ba ya iya barin ta ta mutu a hannunshi. Da zai ba ka ƙullin nan na ce mishi kar ya ɗora wa yaron mutane, bai ji ba." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Ba ka yar ba, ruwa ya karɓa. Ka tahi ka shuka abin da mutane ke ci."

Ta sa jikarta ta kawo mini abinci, na ci. Muka yi hirar waɗanda suka mutu a Wara da waɗanda suka tashi. Da la'asar na yi mata sallama. Ban sake ganinta ba, ta rasu kafin damina.

Na iso gida na tarar da ƙofa yadda na ja ta. Washegari na sayo irin karas wurin wani mai tebur a kasuwa. Lokacin shuka ya ɗan wuce, amma fangalin yana nan a gyare, a jiƙe, babu ko tsakuwa guda a cikinsa. Na watsa, na rufe da yashi, na ɗauko ƙwarya. Cikin 'yan kwanaki ya fito kamar gashi. Da na tone shi, kowane ɗaya ya miƙe sambal, wani ya kai tsawon kamu ya wuce, don ya sami zurfin da ba dominsa aka haƙa ba. Na kai Yelwa, kafin in gama sauke kwando mata sun kewaye ni. Hajiya mai tuwo ta ɗaga guda tana juya shi a rana.

"Sani, yau ina marar lahiyan?"

Na ce mata, "Ya rasu, Hajiya."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta dubi fuskata ta fasa. Ta ajiye karas ɗin, ta shiga rumfa, ta zubo mini tuwo da miya ta ajiye a gabana.